Tsarabar da Na Kai wa Saratu

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai wa Saratu tsarabar Yankari ba, ko na so in manta ma abokina Sabi'u makanike ba zai bar ni ba.

Lokacin ina saurayi a Daura, ba ni da aiki in na tashi daga shago sai karatun littattafan soyayya. Na sha su har na fara magana irin ta samarin ciki. Wata la'asar muna zance a zauren su Saratu (an fara Shari'a a lokacin, zance ya dawo da rana, mahaifinta kuma yana ƙofar gida da rediyo, kunne ɗaya na wajenmu), sai na ce mata zan iya keta daji saboda ita. Ta gyara mayafi ta ce, "Malam, kai da ko Kazaure ba ka taɓa wucewa ba? Duk tafiyarka a takarda take."

Maganar ta tsaya mini a ƙirji. Aurenta nake so, ita kuwa mai daɗin baki kawai take ganina.

Shi ya sa da na ji Sabi'u da Lawwali, wani abokinmu ɗan Mai'adua mai jigilar buhuna a babur, suna shirin zuwa Yankari a kan babura, na ce da ni za a je. Lawwali ya ce, "Ɗan Littafi, can fa babu shafi na gaba, in ka faɗi ka faɗi." Na ce ya bari ya gani.

Kuma ya gani. Muka fita bayan asuba, babura uku, muka ratsa Kano, muka wuce Wudil da Birnin Kudu, ruwan farkon damina ya yi mana dukan tsiya kafin Ningi. Washegari muka shiga dajin. Bayana ya sage, mura ta toshe mini hanci ruf, amma ban faɗi ko sau ɗaya ba. Na ga giwaye da idona, garke guda, suna tsallaka hanya ko kallonmu ba su yi. Har yau in na tuna sai in ji na ƙara tsawo.

Kowannenmu yana ɗauke da ƙaramar jarkar fetur saboda hanya. Ni biyu na ɗaura, iri ɗaya, masu ruwan ɗorawa: ɗaya fetur, ɗaya sabuwa fil babu komai. Dalili kuwa, a littafi saurayi ba ya kawo tsarabar da ake samu a kasuwa. Na cika sabuwar da ruwan Wikki, maɓuɓɓugar nan mai ɗumi da ake ganin yashin ƙasanta garai-garai, na ɗaura mata jan ƙyalle a wuya.

Muna cikin wanka birai suka auka wa kayanmu. Suka kwashe burodi da kilishi, suka watsar da sauran. Na tarar da jarkokina a ƙasa, ƙyallen a gefe. Mai hankali zai ba abokinsa ya sansana. Ni sai na lumshe ido na tambayi zuciyata wacce ce ta Saratu (wallahi haka na yi), zuciya ta nuna mini ɗaya, na ɗaura ƙyallen.

A hanyar dawowa, dab da Wudil, mai ya ƙare mini. Na juye jarkar da ba ƙyalle a tanki. Babur ya yi tari sau biyu ya mutu. Sabi'u ya kwance kafireta ya ce, "Ruwa ne zalla." Nan na hau faɗa, na ce mai fetur na bakin hanya da na saya a wurinsa ya cuce ni, na ja masa Allah ya isa har da ɗaga hannu. Sabi'u ya dubi jarka mai ƙyalle, ya dubi Lawwali, ya ce, "Haƙuri za ka yi, Ɗan Littafi. Mutane ba tsoron Allah." Suka wanke tankin, suka tsiyayo mini daga nasu, muka iso gida.

Washegari da la'asar na ci shadda, na fesa turaren da ni kaina ba na jin ƙanshinsa, na naɗe jarka a takarda mai ƙyalli. Na miƙa wa Saratu na ce, "Wannan ruwan daga ƙarƙashin dutse yake fitowa, ɗuminsa ba ya canjawa rani da damina, kamar son da nake miki."

Ta shiga gida ta ɗauko kofi. Ta buɗe murfin, ta yi baya da sauri ta toshe hanci da mayafi.

"Malam, ruwan naku na Bauchi da ashana ake shansa?"

Kafin in gane, mahaifinta ya leƙo. "Wa ke sayar da mai a zaurena?"

Na so ƙasa ta tsage. A take na tuna tarin da babur ya yi a Wudil, na gane inda ruwan soyayyata ya tafi. Saratu ta juya ga bango, kafaɗunta na rawa don dariya.

Baba ya karɓi jarkar ya sansana. "Mai kyau ne, ba gauraye. Yaro, da gaske a babur ka je Yankari?" Na ce e, Baba, na zaro hoton da muka ɗauka a ƙofar dajin na miƙa masa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙa wa 'yarsa. Ta duba, ta share hawayen dariya, ta ce a hankali, "To, ka dai wuce Kazaure."

Baba ya fita da jarkar ya juye a babur ɗinsa. Daga waje muka ji yana cewa, "Kowa sai turare da alewa. Yau dai an kawo abin amfani."

Bayan Babbar Sallah aka ɗaura mana aure. A wajen walima Sabi'u ya ba kowa labarin, ya kuma amsa cewa tun a Wudil ya gane, ya yi shiru ne don kada ya ɓata mini littafi. Mai fetur ɗin da na zalunta kuwa, har yau ina nema masa alheri.

Abin da na koya shi ne, zuciya ta iya zaɓen mata, wannan na shaida. Amma in maganar jarka ce, ka ari hancin abokinka.