Amsar da Na Cusa a Jinka

Ban iya rubutu ba. Ni na faɗi labarin yunwar da na tsallake, malamin cocinmu na Gude ya rubuta, muka aika wa masu buga littafi a Zariya.

Damina uku ina jira. Ran Lahadi har wa'azin haƙurin Ayuba nake yi wa jama'a.

Muna gyaran jinkar ɗakina sai takarda mai hatimi ta faɗo. Ni na cusa ta tun daminar farko, na ɗauka sammaci ne daga Gwarzo.

Malam ya karanta, ya dube ni. "Baba, sun ce ka zo kafin wata ya mutu."

Na ce, "Wane watan?"

Har yau in na ce mu yi addu'a, sai matata ta ce, "Maigida, ka duba jinka tukuna?"