Gurmina a Shingen Jandarma

Ko da zan manta sunana, ba zan manta da ranar da na zama makaɗi na minti goma a hanyar Mayahi ba.

Lokacin ina koyarwa a lakwal ɗin Koona, wato makarantar boko, shekarar fari, soja na mulki. Damina ta ƙi, rabin ɗalibaina sun bi iyayensu kudu, ni kuwa abin da ya shiga raina shi ne koyon gurmi (kada ku tambaye ni dalili, ni ma har yau ban sani ba). Abokina Illa da ke Mayahi yana da kawu gwanin gurmi, ya ce in riƙa zuwa. Matsalar ita ce mota sai ranar kasuwa, ranar kasuwa kuma ranar aji ce. A zamanin nan malamin da aka kama ya bar aji ba takardar izini, aikinsa ya tafi, kuma da aikin nan gidanmu duka ke cin tuwo.

Sau biyu na je lafiya. A na uku na ce wa darakta ciwon haƙori ke damuna, na naɗe gurmin aro a zane, na hau bayan kamiyo, babbar motar kaya, daga Tasawa.

Muna isa shinge, wani jandarma mai furfura a gemu ya ce kowa ya sauko. Ya karɓi katin shaidarmu, ya nuna ƙunshina da baki.

"Kai, mi ke cikin nan?"

"Gurmi ne, ranka shi daɗe."

"Kai mi kake yi?"

Tsoro ya riga hankalina magana. Na ce, "Makaɗi ne ni. Gado ma na yi. Biki za ni."

(Ubana limami ne, Allah ya jiƙansa.)

"Madalla! To zamna ka kaɗa muna, mun kwana biyu ba mu ji daɗi ba."

Na zauna a ƙasa, fasinjoji suka kewaye ni. Abin da na iya duka-duka farkon kiɗa ɗaya ne, shi ma sai kawun Illa ya ɗaure mini tsirkiya. Na taɓa, gurmi ya yi kuka irin na akuyar da aka taka. Na sake, ya fi na farko muni. Gumi ya jiƙa mini riga. Don in rufe ɓarna sai na ɗaga murya ina yi wa jandarman kirari, ina cewa zaki, ina cewa giwa, ban ko san sunansa ba. Wata tsohuwa mai buhun dussa ta ce, "Wayyo, amaryar nan ta shiga uku."

Jandarman ya miƙo hannu. Ya karɓi gurmin, ya ja tsirkiya nan, ya sassauta can, ya saki wani kiɗa da ya sa direba ya kashe mota. Ashe shi ne ɗan gadon. Da ya gama sai ya ɗaga katina, ya karanta da ƙarfi wurin da aka rubuta sana'a.

"Mushe, tun ɗazu ga shi hannuna. Malamin lakwal."

(Mushe, haka ake kiran malamin boko a wajenmu.) Na hango aikina yana tafiya, na hango fuskar innata.

Ya miƙo mini katina, sannan ya ce, "Ka tahi. Amma gobe ka koma ma yaran mutane. Gurmi kuwa ka maida ma mai shi, bai yi maka laihin komi ba."

Aikina ya tsira. Mutuncina ne bai tsira ba, don tsohuwar nan ashe kakar ɗalibata ce. Kafin in dawo Koona, labari ya riga ni, har darakta ya tare ni yana tambaya ko haƙorin ya ji kiɗa ya warke.

Tun daga ranar, in zan yi wa mutum ƙarya, sai na fara duba abin da na riga na miƙa masa a hannu.