Turmin Da Aka Ba Birni Aro

"Barka da la'asar, amarya."

"Yauwa, angon da ba lefe. Ya gajiyar hanya?"

Abdulmutallib yana tsugune gaban kakarsa Marka, ya buɗe baki zai ce hanya lafiya, sai wata magana ta faɗo masa. Da zai fito masallaci ya ji wasu da suka dawo daga Funtuwa suna cewa tun azahar ba motar da ta shigo daga ɓangaren Zariya. Wani ya ce tirela ce ta faɗi ta tare titi, wani kuma ya rage murya ya faɗi abin da ba a so a ji. A lokacin bai kawo komai a ransa ba. Sai yanzu da tsohuwa ta ambaci hanya, ya dubi agogon waya, ya ga huɗu da rabi.

Yau ne suka taso daga Kaduna baki ɗaya. An sayar da gidan da suka yi shekara ashirin da shida suna haya, shi ne mahaifinsa Malam Sama'ila, mai gyaran injin ban ruwa, ya kama shago a Funtuwa, ya ce iyali su zauna gidan gado a Maska, ya riƙa fita da safe a kan mashin yana dawowa da yamma kamar rabin magidantan garin. Abdulmutallib ne ya yi gaba da Umma da ƙannensa mata biyu. Baba ya tsaya ya biyo motar kaya. Sha ɗaya da rabi ya kira ya ce sun fita Zariya. Daga nan shiru.

Ya danna lambar Baba. Ba ta shiga. Ya danna ta direba. Ita ma haka.

"Kai, wannan wace irin gaisuwa ce?" in ji Marka. Tana zaune kan tabarma, ƙwarya a gabanta, tana ɓare masarar bana da babban yatsa. "Baki na gaishe ni, ido na gaishe da waya. Ita za ta sa maka albarka?"

"Sabis nake nema, tsohuwa."

"Ɗan gidan wa? Ni a Maska Sabo na sani, shi ma yana gona."

"Ai na sani. Garin da sai mutum ya hau sama kafin duniya ta ji shi."

Ya taka buhunan masarar da aka jingine jikin rumbu, ya haye katanga, ya ɗaga wayar sama.

"La ilaha illallahu," in ji Marka. "Shekara huɗu a jami'a, ɗaya a bautar ƙasa, ashe hawan katanga ake koya muku. Da na sani akuyata na tura. Ita tun tana wata uku ta iya."

"Akuyarki ba ta da kwali."

"Kwali? Jiya ta ci uku."

Bai so yin dariya ba, amma sai da ta suɓuce masa ta hanci. Daga kan katangar yana hango titin da ya taho daga Funtuwa, masu mashin na ta shigowa ɗai-ɗai, wani da buhu a baya, wani da mata da goyo. Babu motar kaya. Ya sake dannawa.

"Sauko kar ka karye in rasa mai cefane," ta ce. "Ko da yake ban taɓa ganin cefanen ba. Abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, balle katangar laka."

"To me kika hango?"

"Na hango miji ya zo hannu rabbana. Ni ba ruwana da kujerunku da firijinku. Turmina nake jira."

Abdulmutallib ya ji kamar an soka masa tsinke. Ya sauko a hankali.

"Wane turmi kuma? Wanda aka sassaƙa tun ana cin kasuwa da wuri?"

"Shi fa. Na ƙirya, ba irin na yanzu da in ka daka yaji sau biyu ya buɗe baki ba. Ranar da za a tafi da uwarka birni na ɗora shi a mota da hannuna. Kuma na faɗa gaban mutane, aro na ba birni, ban ce kyauta ba."

"Ki huta da daka. Mun zo miki da bilenda."

"Abin nan da sai an kawo wuta yake motsi? Halinku ɗaya da shi, sai an tashe ku."

"Shi kuwa turmin naki sai an dake shi yake aiki. Halin mutanen da."

"Mutanen da su suka haifi mutanen yanzu, marar kunya." Ta wurga masa totuwa, ya goce. Ta ɗauki wata masarar, ta ce ba tare da ta dube shi ba, "An dai ɗaure shi da kyau?"

"An ɗaure."

"A gaba aka sa shi ko a baya?"

"Tsohuwa, turmi ne fa, ba amarya ba."

"Tambayarka nake. Ba ya son rana. In ya daɗe a rana kansa ke ciwo." Ta yi ɗan tari. "Bakinsa ke tsagewa, nake nufi."

Abdulmutallib ya dube ta. Ƙwaryar da ke gabanta ba ta ƙaru ba tun da ya hau katanga. Totuwar da ke hannunta babu ko ƙwaya ɗaya a jiki, amma yatsanta na ta murzarta. Kuma ba inda ta saba zama ba ne nan. Ta jawo tabarmar daga inuwar ɗaki ta kawo ta daidai inda ake ganin ƙofar zaure.

Baba ne ɗanta na fari. Tun da Abdulmutallib ya yi wayo bai taɓa jin sunan Baba a bakinta ba, bai taɓa ganin ta tambayi lafiyarsa a gaban mutane ba. Ko da Baba ya zo hutun salla ya durƙusa gaishe ta, gefe take kallo ta amsa a taƙaice, sai ta juya ta hau tsokanar jikoki. Ashe ita ma ta ji abin da ake faɗa a gari. Labarin zuciya a tambayi fuska, in fuska ta ƙi a tambayi hannu.

Ya zauna a bakin tabarmar, ya jawo ƙwaryar gabansa, ya ɗauki masara.

"A gaba aka sa shi," ya ce. "Kusa da direba, gefen taga. Rana ba ta samunsa."

"To."

"Kuma kafin su tashi ya karya. Koko da ƙosai. Har ya nemi ƙari."

"Turmin?"

"Turmin."

"Hm. Da ma haka yake, akwai ci." Ta karɓe ƙwaryar. "Kawo nan, ɗan birni. Dubi yadda kake ɓare masara kamar mai danna waya."

Daga ɗakin da aka share wa Umma ba a jin motsin kowa sai ƙarar carbi. Ƙannensa ma da suka wuni suna ƙorafin rijiya da ƙudan gari sun yi tsit. Ya sake gwada lambar, ya ajiye wayar a kife. Ya juyo ya fuskanci tsohuwa.

"Kaka."

"Yau kuma ni ce Kaka? An sake ni ke nan?"

"Ni ne na bar shi. Mota ta cika, na ga ya tsufa, na tura shi bayan ƙofar kicin na ce maƙwabta su ɗauka. Sai da suka kai Kawo, bakin fita Kaduna, Baba ya duba bai gan shi ba. Ya kira ni, na gaya masa. Ya sa direba ya juya." Ya ajiye masarar da ke hannunsa. "Awa guda suka ɓata. Da ba don ni ba, da sun wuce wurin nan tun kafin ko ma mene ne ya faru. Kuma da ma ni ya kamata in biyo motar, shi ya ce in tafi da su Umma."

Wata kaza ta zo ta tsinci ƙwaya a gefen ƙwaryar, ba wanda ya kore ta.

"Da ka gaya masa, me ya ce?"

"Ya ce ko gado a bari, ko firij a bari, amma wannan Inna ta ce aro ne."

Tsohuwa ta ɗaga gefen mayafinta ta goge hanci, ta daɗe tana gogewa. Da ta sauke, sai ta harare shi sama da ƙasa.

"Kai ɗin? Kai ne za ka riƙe sa'ar mota? Mutumin da ya hau katanga ya kasa kamo Sabis, shi ne zai tsara wa Allah lokaci? Wa ya sani ko awar nan da kake kuka a kanta ita ce ta tsare su a baya? Ka ji mini yaro da girman kai. Kwali ɗaya ya samu yana neman ya zama mai rabon ƙaddara."

"Ba haka nake nufi ba."

"Laifinka ɗaya ne, kuma babba ne. Ka raina mini turmi. Wannan sai ka biya. Gobe kai za ka daka mini daddawa, a tsakar gida, 'yan matan unguwa na kallo."

"Da wane turmin?"

Sai da ya faɗa ya ji nauyin tambayar. Suka dubi ƙofar zaure tare.

"Na yafe," in ji Marka a hankali.

"Dakan?"

"Turmin. Su jefar da shi a daji in ya yi musu nauyi. Ƙirya ba ta ƙare a duniya ba."

Abdulmutallib ya share ido da bayan hannu, ya ɗaga murya yana duban rumbu da akuya. "Jama'ar Maska ku shaida! Yau Marka ta yafe abu. Matar da har yanzu take bin kaza bashin tsaba."

"Ɗan banza!" Dariya ta kuɓuce mata, irin wadda ke fitowa da ruwan ido. "Ka ci wannan. Amma ka sani sau ɗaya ake kayar da ni a shekara."

Ta kwance bakin zaninta ta fito da farin goro guda, babba, wanda ganinsa kaɗai ya isa a san ba don jika aka ajiye shi ba. Ta fasa shi biyu. Ta miƙa masa ɓari ɗaya, ta mayar da ɗayan ta ƙulle tam.

"Wancan fa? Na turmi ne?"

"Ci naka ka koma kan katangar," ta ce, idonta a kan ƙwarya. "In ta shiga, ka ce da uban naka tuwo na kan wuta."

Ya hau. Ya kira sau goma sha ɗaya, yana tauna goron da bai iya ci ba. Masu mashin suka gama shigowa daga Funtuwa, aka koro shanu daga gona, ladan ya kira magariba. Marka ba ta tashi daga inda ake ganin ƙofa ba. Har zuwa lokacin wayar Baba ba ta shiga ba, kuma motar ba ta iso ba.