Nomau da Motar Ɗauko Babura

A Rafin Ɗinya akwai wani gida mai mutum uku: Ilu mai sayar da babura, da matarsa Tabawa, da ƙanensa Nomau. Ilu mutum ne mai ji da kansa. In ya karkata hula ya zauna a ƙofar shago, sai ka rantse shi ya ƙera babur na farko a duniya. Nomau kuwa ƙato ne, ya kusa arba'in, ga ƙarfi ga biyayya. Ba ya musu, ba ya ragi, ba ya ƙari. Abin da ka faɗa masa shi zai yi, kuma duk masifar daga nan take.

Da damina ta kankama, ƙungiyar 'yan acaɓa ta ba Ilu aikin kawo mata sababbin babura shida daga birni. Sharaɗin ɗaya ne: su iso ranar Juma'a, in ba haka ba sun koma wurin wani dila, sun bar shi ke nan. Ana cikin haka Ilu ya hau babur zai nuna wa jama'a yadda ake sakin hannu, ya zarce cikin kwalbati, ƙafa ta karye. Mai ɗori ya ce kwana arba'in ba tashi. Dole neman mota ya faɗo kan Nomau.

Wata rana, Litinin ce, Ilu ya yanko igiya daidai tsawon babur ya miƙa masa. Ya ce, "Duk motar da igiyar nan ta kwanta a cikinta ta miƙe, ba kujera ba komai, ita muke so. Ka zo min da ita in gani." Nomau ya tafi tasha, ya tarar duk motocin da kujeru. Ya gwada shimfiɗa igiyar a kan cinyoyin fasinjoji, wata tsohuwa ta kwaɗa masa mafici a ka. A hanyar dawowa sai ya hango wata farar mota doguwa a gindin masallaci, cikinta fayau. Ya auna, igiya ta kwanta har da saura. Ya ce wa direban, "Yaya Ilu za a kai wa. Yana can kwance a gida." Direba ya yi salati, ya tayar da mota. Motar ɗaukar gawa ce ta unguwa. Kafin ta tsaya lungu ya cika, Tabawa ta yar da bokiti a bakin rijiya ta taho tana kururuwa. Ilu yana kan gado yana jin ta'aziyyar kansa ta taga. Wani ya ce, "Allah ya jiƙansa, amma babur ɗin da ya sayar min bai yi wata ba ya fara hayaƙi." Wani ya ce, "To yanzu shagon nan wa zai samu?" Ilu ya daka tsawa, "Ubanka zai samu!" Jama'a suka watse, wasu ko takalmi ba su tsaya ɗauka ba. Nomau ya leƙo ɗaki yana murmushi: "Yaya, igiya ta shiga, har da ragowar taki ɗaya."

Wata rana, Laraba, bayan Ilu ya huce, ya ce, "Mota mai rufi nake so, wadda ruwan sama ba ya shiga. Kuma kada ka yarda da bakin direba, duk maƙaryata ne. Ka gwada ka gani da idonka." Nomau ya ari kurar ɗan garuwa cike da jarkoki ya tura ta har tasha. Ya yi sallama, ya fara isar da saƙo tukuna, don shi ba ya cin amana: "Yaya ya ce ku duka maƙaryata ne." Kafin su gama haɗiye wannan, ya haye kan mota ya juye jarka biyu. Ba ta yi yoyo ba. Ta biyu ma haka. Ta ukun ce ta zuba kamar rariya, kuma an riga an cika ta da buhunan garin kwaki. Gari ya sha ruwa ya kumbura, buhuna suka fara fashewa ɗaya bayan ɗaya. Direbobi suka raka shi da duwatsu har bakin titi, sarkin tasha ya rantse ko allurar Ilu ba motar da za ta ƙara ɗauka. Nomau ya iso gida da ƙulu a goshi, cike da farin ciki.

"Yaya, na samu biyu da ba sa yoyo."

"Ina suke?"

"Sun ce ba za su zo ba."

Wata rana, Juma'ar ce kanta, Ilu ya kira shi da sassafe. Ya ce, "Tunda ka ɓata mu da tashar garinmu, ka nemi mota a can birni. A loda, a ɗaure, ka shiga baya ka zauna tare da su. Kada ƙafarka ta taɓa ƙasa sai a ƙofar gidan nan. Ko gobara ake yi. Ka ji?" Nomau ya ce ya ji.

A birni, tun bai kai tasha ba, wani mai shadda da baƙin tabarau ya tare shi a bakin titi, jingine da sabuwar mota mai rufi. Ya ce, "Alhaji, kaya za a ɗauka?" Tun da aka haifi Nomau ba wanda ya taɓa ce masa Alhaji. Nan take ya zaɓi motar. Aka loda babura shida, aka ɗaure su tamau, ya shiga baya ya zauna.

Saura kaɗan a iso gari, daidai inda ba gida ba shago sai gonakin gero, mota ta mutu. Direba ya leƙo ya ce, "Alhaji, batir ne. Sauka ka ɗan tura mana." Wannan tsohuwar sana'a ce: kana sauka ka dafa mota, ita kuma ta tashi, sai ka ga kayanka sun zama ƙura. Nomau bai san da haka ba. Shi dai an ce ya tura, kuma an ce kada ya sauka. Sai ya miƙe a cikin motar, ya dafa bangon da ke bayan kujerar direba, ya kafa ƙafa, ya dinga turawa yana nishi.

"Alhaji, daga waje ake turawa!"

"Yaya ya hana."

"To sauko ka yi alwala, lokaci ya yi."

"In na je gida na yi."

"Akwai maciji a cikin motar nan!"

"Yaya ya ce ko gobara."

Direba ya cire tabarau ya shigo zai jawo shi da ƙarfi. Nomau ya ɗauka taimako ya zo, ya kama wuyan rigarsa ya manna shi da bango ya ce, "Yauwa, kai ta nan, ni ta nan." Suna cikin haka sai ga 'yan acaɓa, sun gaji da jira sun fito duba hanya. Shugabansu, Bawa, ya leƙa ya ga babura, sannan ya ga fuskar direba. Ya ce, "Kai! Ba kai ne bara ka sa ni turi a hanyar kasuwa, ka gudu da buhunan barkonona ba?" Direba ya suɓule ya bar rigar a hannun Nomau, ya faɗa cikin gero da mukulli a aljihun wando.

Ba mukulli, kuma Nomau ya ƙi sauka. Haka 'yan acaɓa goma sha biyu suka tura motar har ƙofar gida, shi ma yana ciki yana turawa iya ƙarfinsa. Babura shida suka iso kafin la'asar, ko ƙwarzane babu. Ilu ya sa aka fito da shi kan kujera, ya karkata hula ya ce wa jama'a, "Dabarata ce. Tun daga nan na hango ɓarawon."

Nomau ya sauko yana sharce gumi, ya dubi 'yan acaɓa da ke zube a ƙasa suna haki, ya girgiza kai.

"Yaya, ka ga mutanen nan? Ni na turo ta tun daga gonaki, su kawai dafawa suka yi."