Faifai a Gidan Makoki

Ba zan taɓa mantawa da wata azahar ta damina a Roni ba, ranar da jama'a suka tafi masallaci, ni kuma na sulale cikin ɗakin mamaci da jakar garmaho a hammata.

Bari in fara da faɗa muku cutata. Wani tantabaru yake kiwo, wani ƙwallo ta haukata shi, ni kuwa faifai nake tarawa. Baƙin nan na da, mai rami a tsakiya, na kiɗan baƙaƙen fatar Amurka da ake ce wa sol. Ina yaro a Kazaure, yayyenmu kan dawo da su daga Kano lokacin hutu, sanye da wanduna masu faɗin ƙafa da takalma masu tudu, gashi tuli guda a ka. Sai a share fili, a yayyafa ruwa, a ɗora garmaho a kan tebur, a yi ta juyi. Mu ƙanana ta kan katanga muke leƙe. Kafin in kai shekarun da za a bar ni in shiga fili, kaset ya zo, abin ya mutu. Wato rawar da nake kewa ban taɓa taka ta ba ko sau ɗaya (matata Hajara ta ce wannan kaɗai ya isa a gane halina).

A duk yankinmu babu mai faifai irin Baba Usaini na Roni. Shi da ɗan tagwayensa Hassan su ne gwanayen rawa a zamaninsu, har Gwiwa da Babura ake gayyatarsu. Baba Hassan ya daɗe da komawa Babura da zama, ban taɓa ganinsa ba. Baba Usaini kuwa na yi shekaru ina kai masa goro da tsire, saboda wani ɗan ƙaramin faifai guda ɗaya. Ba shi da suna. Tagwayen ne suka kankare takardar jikinsa da reza tun suna samari, don kada 'yan rawan Kazaure su gane waƙar su je su sayo tasu. Sau ɗaya ya nuna min shi, bai kuma bari na saurara ba. Duk sanda na taso da maganar sai ya ce, "Sai bayan raina, ɗan nan."

Wata safiya wani abokina da ke Roni ya kira ni, wayar na yankewa. Abin da na ji kawai shi ne, "Baba na gidan faifai ya rasu, har an kai shi."

Na yi salati, na kuma ji zafin abin, Allah ne shaida. Sai dai kafin in ajiye wayar wani tunani ya riga ya shigo: yaransa ba su san darajar kayan nan ba, ko jikoki su mai da su tayar mota, ko a watsar da su a bola. Na zura babbar riga, na saka ƙaramin garmahona mai batir a jaka.

Hajara ta dubi jakar ta ce, "Malam, ta'aziyya za ka ko biki?"

"Ba ki san komai ba game da adana tarihi," in ji ni, na hau mashin.

Na isa Roni hadari na haɗuwa. Gari ya yi duhu tun rana na tsaka, iska ta ɗauke cak, gero a gonaki ko motsi ba ya yi. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, dattawa na zaune suna jan carbi. Na durƙusa gaban Garba, babban ɗan Baba Usaini, na ce, "Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta."

"Amin, amin. Mun gode, Malam."

"Mutum ne mai son nishaɗi. Ba a yi mai rawa kamarsa ba a ƙasar nan."

Wani tsoho ya gyaɗa kai ya ce, "Gaskiya ne. Ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa."

(Ku lura: duk zaman nan babu wanda ya ambaci suna. Kowa Baba yake cewa, kamar yadda tarbiyya ta tanada. Ni ma ban tambaya ba, don a ganina na riga na san komai.)

Da aka kira salla kowa ya miƙe. Na ɗauki buta na ce su yi gaba, zan yi alwala in biyo su. Suna shan kwana na ajiye butar. Ɗakin Baba Usaini a zaure na biyu yake, na san shi kamar ɗakina. Na gaya wa kaina cewa dubawa kawai zan yi, in tabbatar faifan bai fashe ba, kafin in san yadda zan ɓullo wa Garba bayan sadakar bakwai.

Na tura ƙofar langa-langa, ta yi wani kuka siriri. Ciki duhu, tagar a rufe, sai warin man zafi da turaren wuta da ya mutu. Ga takalmansa a jere a bakin ƙofa, ga hularsa a kan ƙusa, ga butarsa da sauran ruwa a ciki. A kan gado akwai wani tulin farin mayafi, na ɗauka kayan sawarsa ne aka tattara aka rufe. Tsigar jikina ta tashi, amma ban juya ba. Na jawo adakar ƙarfe daga ƙarƙashin gadon, na lalubo faifan cikin tsohon zanen da yake naɗe shi.

Na ɗora shi a garmaho, na rage sauti ƙasa-ƙasa, na sauke allura. Aka fara ƙaras-ƙaras, sai ganga ta shigo, sai kakaki irin na Turawa, sai wata mata ta ɗauki waƙa da murya mai kaushi kamar ta sha kuka. Ban san sanda na lumshe ido ba. Kafaɗata ta fara motsi da kanta, ni da furfurata, a gidan makoki.

Sai na ji murya a bayana, can ƙasa, kamar ta mai magana daga cikin rijiya.

"Ba wannan gefen ba. Juya shi."

Ban waiwaya ba, wuyana ya ƙi. Na jira ko kunnena ne, amma ɗakin ya yi tsit, sai muryar matar nan a faifai. Abin da har yau yake ba ni mamaki shi ne, na bi umarnin. Na ɗaga allura, na juya faifan, na sake saukewa. An ce in juya, ni kuma tarbiyya ba ta bar ni in yi wa babba gardama ba, ko da ya mutu.

Waƙar ɗaya gefen mai sanyi ce, a hankali take tafiya. Ta ɗan yi nisa, sai na ji gado ya yi ƙara. Na saci kallo ta gefen ido. Daga ƙarƙashin farin mayafin nan wata ƙafa ta fito, busasshiya, babban yatsanta na bin kiɗa, sama, ƙasa, sama, ƙasa. Sai tulin ya fara tashi. Ya zauna. Mayafin ya zame daga kai, ga fuskar Baba Usaini, idanu sun faɗa, hawaye na bin kumatu.

Ban san da me na bugi garmahon ba, sai ji na yi sautin ya tashi har ƙarshe. Na yi ƙofa da gudu. Ina gab da fita wani abu ya damƙe babbar rigata ta baya, ya riƙe gam. Na ja, ya ƙi saki. Na so in karanto addu'a, sai addu'ar shiga banɗaki ta zo bakina. Nan fa na buɗe maƙogwaro.

"Baba ka yi min rai! Wallahi ban yi murna da mutuwarka ba! Ko na yi ma kaɗan ce! Ka riƙe faifanka, ka koma, Allah ya jiƙanka!"

Na fizga da ƙarfi, rigar ta yage tun daga wuya har ƙasa, na faɗo zauren farko a kan gwiwoyina. Da na ɗaga kai, ga masu dawowa daga masallaci cike da zauren, liman a gaba, Garba a gefensa. Mata sun leƙo daga cikin gida. Kiɗan sol kuwa na tashi daga ɗakin kamar ana bikin samari.

"Ya tashi!" na ce ina nuna baya. "Mamacin ya tashi!"

Babu wanda ya gudu. Garba ya dube ni, ya dubi rabin rigata da ke lilo a jikin sakatar ƙofa, ya ce, "Malam, wane mamacin?"

Sai ga Baba Usaini ya fito yana dafa bango, mayafi a kafaɗa. Ashe Baba Hassan ne ya rasu. Da ciwo ya tsananta aka ɗauko shi daga Babura zuwa wajen ɗan'uwansa, a nan rai ya yi halinsa. Baba Usaini kuwa daga maƙabarta zazzaɓi ya rufe shi, aka kwantar da shi aka lulluɓe.

Ya dube ni tun daga hula har ƙafa, ya ce, "Na ce maka sai bayan raina, ɗan nan. Ashe ko tabbatarwa ba za ka tsaya yi ba."

Wani ya ƙyalƙyale da dariya a baya, ya mai da ita tari. Liman ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na girgiza. Sannan ya tambaye ni a hankali ko na samu jam'i. Na ce ban samu ba. Ya ce ai ya lura.

Na so ƙasa ta tsage. Garba ya nufi ɗakin zai kashe kiɗan, Baba ya riƙe hannunsa.

"Bar shi ya ƙare. Wannan gefen na Hassan ne. Ni na farkon nake so, shi kullum sai ya ce a juya. Rabona da jinsa tun da ya bar garin nan."

Aka tsaya ana saurare a zauren, dattawa da carbinsu, har waƙar ta ƙare allura ta shiga ƙaras-ƙaras. Ruwan sama ya sauko daidai nan. Aka ara min riga, na yi sallata ni kaɗai a lungu, ina jin idanu a ƙeyata.

Da zan tafi na durƙusa na ba Baba haƙuri, na yi masa ta'aziyyar da ta dace. Don in rage nauyin abin na ce, "Amma Baba ka tsorata ni da ka ce in juya faifan."

Ya ɗago ya dube ni. "Ni? Ni barci nake. Waƙar Hassan ce ta tashe ni."

Na zuba masa ido ina jiran ya yi murmushi, bai yi ba. Hajara ta ce tsokanata yake, ramuwa ce irin ta tsofaffi. Wani malami da na tambaya ya ce wanda ya mutu ba ya dawowa, mai zazzaɓi kuma yakan yi magana cikin barci bai sani ba. Na yarda da su duka biyun, da rana.

Baba Usaini na nan da ransa, faifan na cikin adakarsa, garmahona ma yana wajensa, don na kasa buɗe baki in ce a ba ni. In na shiga Roni, 'yan acaba kan tambaye ni ko yau wa ya tashi. Abin da na koya bai da yawa: in an ce maka Baba ya rasu, ka daure ka tambaya wane Baban. In kuma an kira salla a gidan makoki, ka bi sahun mutane, don a masallaci babu sakatar da za ta kama maka riga.