Yadda Ake Cin Gwajin Ƙoda da Fitsarin Aro

Kai direban kamfani, ƙafafunka sun fara kumbura, likita ya miƙo maka jarka ya ce ka tara fitsarin awa ashirin da huɗu. Ka san in ƙoda ta taɓu, makullin mota ya bar hannunka. Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na yi maka alkawari sakamako zai fito.

1. Saurari ma'aikaciyar ɗakin gwaji. Za ta ce, "Malam, na farkon safiya ka zubar, ka rubuta lokaci. Daga nan ko ɗigo kada ya kuɓuce, har gobe war haka. Ka ajiye a wuri mai sanyi." Gyaɗa kai. Ilimi ba ya ɓata, zai amfani wani.

2. Nemo mai lafiya. Ga ƙaninka kafinta, ƙato, ko maganin ciwon kai bai taɓa sha ba. In ya ce, "Yaya, ashe fitsarina ma ya yi daraja?" ku yi dariya tare. Ɗan'uwa rabin jiki ne, ƙodarsa ma taka ce.

3. Tsare shi. Bi shi shago da jarka cikin baƙar leda. Ya nufi bayan katako, ka sha gabansa. Ha'inci ma yana son ƙa'ida.

4. Saka a firij. Matarka za ta ce, "Baban yara, me wannan yake yi kusa da madara?" Ce mata neman lafiya ne. Ba duka ne ƙarya ba.

5. Rubuta sunanka a jiki, da manyan baƙaƙe, ka kai da safe.

6. Karɓi sakamako. Likita zai cire tabarau ya ce, "Ƙodar nan ta kusa gazawa. Ina kake tuntuni?" Lissafa da kyau: makulli ya tafi, magani da sunanka, cuta a jikin ƙaninka, naka kumburin kuma ba wanda ya duba.

7. Fita waje. Yana kan babur yana jiranka, garin katako a gashinsa. Zai washe baki ya ce, "Yaya, mun ci?" In ka faɗi gaskiya, ka tona kanka. In ka yi shiru, ka haƙa masa rami.

Hattara: duk abin da ya biyo baya, babu ruwan mai wannan rubutu. Kada ka zo ka tambaye ni amsar mataki na bakwai. Ni da nawa ƙanin ya tambaye ni, cewa na yi, "Mun ci. Ja mu tafi."