Nomau da Ɗanrijiya

A ƙauyen Ruwan Ɗinya an yi wani mutum ana ce masa Nomau. Manomi ne, da rani kuma yana lambun albasa a fadama. Su uku ne a gidansa: shi, da matarsa Gwamma mai suyar ƙuli-ƙuli, da mahaifiyarsa Inna Yalwa, tsohuwa mai tsabtar da ko tsinke ba ta bari ya kwana a tsakar gida. Nomau ƙaƙƙarfa ne, ba ya ƙarya, ba ya faɗa da kowa. Aibinsa ɗaya ne, yadda magana ta fito daga bakinka haka yake ɗaukarta, ba ragi ba ƙari. Shi kuwa da wannan halin yake taƙama, yakan ce kaf garin babu mai jin magana kamarsa.

Wata rana, farkon damina, ya je fadama sai ya ji kuka yana fitowa daga wata tsohuwar rijiyar lambu. Ya leƙa, ya ga kare ne, ramamme, haƙarƙari duk a waje, ga waya ɗaure a wuyansa har ta ci fata. Wani makiyayi da ke wucewa da shanunsa ya leƙa shi ma, ya ce masa ya jefa wa karen igiya. Nomau ya naɗe igiyar gugan da ke kafaɗarsa tsaf, ya jefa ta ciki gaba ɗaya. Makiyayin ya dube shi, ya dubi rijiyar, ya kora shanunsa ya yi gaba. Nomau ya zauna yana jira ya ga abin da karen zai yi da igiyar, kare bai yi komai ba. Da ya tuna igiyar ta Gwamma ce, sai ya tuɓe riga ya bi matakan rijiyar ya sauka. Tun da dai ya riga ya sauka, ya saɓo karen a wuya ya fito da su duka biyun.

Inna Yalwa ba ta yi murna da baƙon ba. Karen ya shige ƙarƙashin rumbu yana rawar jiki, ko tari aka yi sai ya saki fitsari, kafin kwana uku ya ɓata bakin murhu da ƙofar ɗakinta. Ta kira ɗanta ta ce ta ba shi zuwa kaka, lokacin da masu sayen karnuka kan zo da motarsu. In har lokacin karen bai san inda ake yin abu ba, da su zai tafi. Nomau ya san inda waɗannan karnukan ke ƙarewa. Ranar tuwo bai shiga cikinsa ba.

Wata rana Gwamma, da tausayin karen ya kama ta, ta ce ai tun da zai zauna da su ya kamata maigida ya raɗa masa suna. Nomau ya rarrafa ƙarƙashin rumbu, ya kama kunnen karen a hankali, ya yi masa raɗa, ya fito yana kakkaɓe gwiwa. Ta tambaye shi sunan, ya ƙi faɗa.

“Cewa kika yi in raɗa masa,” in ji shi. “Ba ki ce in faɗa miki ba.”

Ta yi lallashi, ta yi faɗa, a banza. Da ta gaji sai ta sa masa Ɗanrijiya, sunan da ya bi shi ke nan.

Wata rana, ranar kasuwa, Nomau ya rungumi Ɗanrijiya ya kai shi wurin Malam Sallau, malamin dabbobin da kan zo daga birni duk Talata. Malam Sallau ya wanke gyambon wuyan, ya yi wa karen allura, ya saurari labarin wa’adin Inna. Sai ya sauko da wani tsohon keji daga bayan motarsa, na katako da waya, mai ƙofa da sakata, ya ba shi. Ya ce kare ba ya ɓata inda yake kwana. In ya ɗauki kejin nan ɗakinsa ne, zai riƙe kansa har a fitar da shi. Amma karen da ya sha wuya tsoro gare shi, kada a tura shi ciki da ƙarfi, a nuna masa yadda ake shiga.

Nomau ya kafa kejin a inuwar rumbu, ya kira Ɗanrijiya ya ce ya duba da kyau. Ya durƙusa, ya sa kai, ya ja kafaɗa, ya naɗe ƙafafu, ya shige duka. Ya jawo ƙofar don darasin ya cika, sakata ta faɗa ta waje. Gwamma ta tafi kai ƙuli-ƙuli, Inna tana gidan suna. Tun hantsi yana ciki a dunƙule har azahar, kare na zaune a waje yana kallonsa, kai a karkace. Da Gwamma ta dawo ta zare sakatar, ƙafafunsa sun riga sun sage, sai da ta shafa masa man gyaɗa a kafaɗu ta jawo shi ta ƙafa. Yana fita, Ɗanrijiya ya leƙa, ya sansana wurin da ɗumin maigidansa yake, ya shiga ya kwanta. Nomau, yana kwance a ƙasa yana miƙe ƙafa, ya dubi matarsa ya ce ta gani, darasi ɗaya tak.

Wata rana Malam Sallau ya ce, don karen ya ƙara son kejin, a riƙa sa masa abin da ransa ya fi so a ciki. Nomau ya zauna yini guda yana nazarin karensa. Ya ga babu abin da Ɗanrijiya ke bi da ido yana lashe baki kamar baƙar kazar Inna. Ya kama ta ya sa a kejin, ya ce wa karen bisimilla. Kare ya sa kai, kaza ta kumbura ta sauke masa saro uku a hanci, ya fito da gudu ya koma ƙarƙashin rumbu. Ita kuwa wurin ya yi mata, ta share wuri ta zauna ta yi ƙwai. Sai da Gwamma ta kwashe ta da ƙwanta, ta jefa ƙashin miya a ciki, sannan mai ɗaki ya koma ɗakinsa. Daga ranar in kazar ta zo wucewa, shi yake ba ta hanya.

Wata rana aka zo kan babban aikin. Malam Sallau ya ce da safe, da kuma duk bayan ya ci ya sha, a buɗe masa a kai shi wuri guda, kullum wurin nan, ya yi bayan gida. Nomau ya dawo yana jinjina girman aikin da aka ɗora wa dabba, don ya san shi kansa da ya yi bayan gidan Inna, kwana tara ya yi yana haƙa. Ya zaɓi gindin wata aduwa a bayan danga, ya zana da’ira a ƙasa, ya ajiye wa karen diga da kwando. Safe, rana, yamma, yakan kai shi ya tsaya a kansa yana jira a fara aiki. Rana ta huɗu Ɗanrijiya ya sa ƙafafun gaba ya tona rami mai zurfin taƙi guda, sannan ya juya ya tsuguna ya yi abin da ya kawo shi. Nomau ya shigo gida ransa biyu. Ya ce wa Gwamma aiki ya kankama, sai dai ma’aikacin gaggawa gare shi, tun ba a gama ginin ba ya fara amfani da shi. Gwamma ta toshe baki da gefen zane ta ce a bar shi da gaggawarsa. Kwana goma aka yi tsakar gida fes. Inna ta bi kowane lungu da tsintsiya tana neman laifi, ba ta samu ba.

Wata rana Malam Sallau ya ƙara masa da cewa duk sa’ad da karen ya yi a inda ya dace, a yaba masa nan take, komai ake yi a bari. A makon ne surukinsa Malam Barau, mahaifin Gwamma, ya zo ganin gida da buhun gyaɗa a kan jaki. Aka nuna masa inda zai sauke, ya sauke, aka shimfiɗa masa tabarma a zaure. Nomau ya durƙusa yana gaishe shi, sun kai kan tambayar mutanen gida sai ya hango Ɗanrijiya tsugune a gindin aduwa. Ya miƙe tsaye ya ɗaga hannu sama.

“Gaishe ka mai ajiye kaya inda aka ce! Ba ka saba wuri, ba ka saba lokaci! Namijin duniya, gida ya gode!”

Malam Barau ya sunkuyar da kai yana murmushi, yana cewa haba, buhu ɗaya ne kawai, ba sai an yi haka ba. Da ya ɗago ya bi inda hannun ya nuna, ya ga wanda ake yi wa. Ya sha furarsa, ya hau jakinsa tun la’asar ba ta yi ba. Sai da Gwamma ta bi shi har gida da kwanon ƙuli-ƙuli kafin ya huce, amma labarin ya riga ta isa.

Haka aka tafi har karen ya yi ƙiba, gashin wuyansa ya tsiro, ya daina ɓuya in an yi tari. Mutanen da suka yi wa Nomau dariya suka fara tsayawa a bakin danga suna kallon yadda kare ke fitowa daga keji ya nufi aduwa kai tsaye. Sai marka ta shigo, ruwa ba ƙaƙƙautawa. Ran nan Ɗanrijiya ya yi ta kuka a keji, Nomau ya ce a jira ruwa ya tsagaita. Da aka buɗe, karen bai kai ko’ina ba, ya saki a ƙofar ɗakin Inna. Tsohuwa ta ce ta ga iyakar karatun, in ya ƙara ko sau ɗaya ba za ta jira kaka ba.

Wata rana, Talatar da ta biyo, Nomau ya kai ƙara wurin Malam Sallau. Malamin ya ce laifin ba na kare ba ne. Ko ruwa ake, ko iska, da zarar ya yi kuka yana tonon ƙofar keji, su fita waje nan take, kada su tsaya jira.

“Mu fita?” in ji Nomau.

“Ku fita,” in ji Malam Sallau, hankalinsa yana kan wata akuya.

Kwana uku bayan nan aka tashi da ruwa tun safe. Bayan azahar Ɗanrijiya ya fara kuka, wani irin kuka mai tsawo, yana tonon ƙofa kamar zai ɓalle ta. Nomau ya zare sakata, ya leƙa madafa ya ce wa Gwamma ta sauke kasko, za a fita. Ta ce ya kai karensa mana. Ya ce ba “ka fita” aka ce masa ba, “ku fita” aka ce, kuma gidan nan su uku ne. Ta san gardama da shi ɓata lokaci ne, ta kifa faifai a ka ta fito. Inna tana kan gadonta lulluɓe da bargo. Ta ce ko mahaukaci ba ya fita cikin ruwan nan don rakiyar kare. Nomau ya durƙusa ya ba ta haƙuri, sannan ya sungume ta da bargonta ya goya, tana dukan bayansa har gindin aduwa.

Suka tsaya su uku ruwa na zuba a kansu. Ɗanrijiya ko kallon raminsa bai yi ba, ya fuskanci gida yana haushi. Inna, haƙora na kaɗawa, ta ce gobe da kanta za ta nemo wanda zai tafi da shi. Ba ta rufe baki ba suka ji wani gurnani daga cikin gida. Bangon ɗakinta na gabas, wanda ruwa ya yi kwana da kwanaki yana ci ta gindi, ya zame, rufin azara da ƙasa ya bi shi. Daga inda suke suna hango wurin da gadon yake, babu komai sai tudun laka.

Maƙwabta suka fito da gudu suna salati, wasu har sun fara tono da hannu kafin su ga tsohuwa a bayan ɗanta, jiƙe sharkaf, da ranta. Aka kai ta ɗakin Gwamma aka hura mata wuta. Maza suka kewaye Nomau suna tambayar yadda aka yi ya sani. Ya ce shi bai san komai ba, abin da aka ce ya yi ne ya yi, kamar kullum. Ya ƙi ma barin cikin ruwan, don a cewarsa wanda aka fito dominsa bai yi abin da aka fito yi ba tukuna.

Da rani ya yi aka tara gayya don tayar wa Inna da sabon ɗaki. Magina suka zo da igiyar awo suna tambayar inda za a fara. Inna Yalwa ta fito da sandarta, ta wuce filin ɗakin, ta je ta nuna inda kejin yake. Ta ce a fara yi wa karen nan rumfa mai kyau wadda ba ta yoyo, nata ɗakin ya biyo baya. Masu sayen karnuka kuwa sun zo da kaka sun tsaya a ƙofar gidan, ita ce ta fita ta sallame su.